Ina rufe shago karfe tara, amma oda bata daina shigowa

Duk mai shago a Zariya, musamman mu da muke ta wajen Samaru inda rabin cinikinmu na dalibai ne, ya san akwai tambayoyi uku da suke cinye ma mutum yini. Nawa ne? Kun bude? Aikina ya fito? Ni sana'ata fotokofi ce da firintin da bayindin, sai dan kayan rubutu a gefe, kuma wallahi da za'a tara lokacin da nake batawa wajen amsa wadannan ukun a waya da WhatsApp da baki da baki, da ya ishe ni in rike wani shagon daban. Kana tsaye kan inji takarda ta makale, hannunka duk bakin tona, wato garin tawadar inji, waya tana ta ruri a aljihu, ka goge hannu ka dauka kana zaton wani babban aiki ne sai kaji ance Oga dan Allah shafi daya na kala nawa kuke bugawa. Ka fada, ace toh zan shigo. Kuma ni bana ganin laifin mai tambaya, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kudin keke daga Kwangila ko PZ zuwa Samaru ya wuce a hau don gwaji, kowa so yake ya tabbatar kafin ya bar gida.

Sai kuma maganar lokaci. Garin nan garin makarantu ne, ga ABU tun 1962 da Samaru da Kongo, ga asibitin koyarwa na Shika, ga FCE, kwalejin ilimi da aka mayar jami'a, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga makarantar koyon tukin jirgin sama, ga makarantar harkar sufuri ta NITT a hanyar Basawa, kuma agogon dalibi daban yake da na mai shago. Dalibi da yamma yake samun supabaiza ya duba mishi aiki, ya koma hostal yayi ta gyara har karfe daya ko biyu na dare, kuma ance ya kawo kwafi hudu a daure kafin goma na safe. A lokacin da yake bukatata ni nayi nisa a barci. Bayan yajin aikin ASUU na 2022 wanda ya dauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, da aka dawo sai aka rika matse zangon karatu, komai ya koma na gaggawa, da safe kafin in bude kofa zaka ga mutane sun tsaya kowa da filas a hannu, dan abin ajiye fayil din nan da ake sokawa a kwamfuta, kowa kuma nashi yafi na kowa sauri.

Wannan ne yasa na yarda kanina da ya karanci kwamfuta ya hada min shafin intanet na shago. Kada kuji nace shafin intanet ku dauka wani abu ne mai walkiya irin na bankuna, a'a, shafi daya ne tak, ba bidiyo ba hotuna masu nauyi ba dogon tarihin yadda muka fara. Daga sama akwai layi daya da yake fadin halin da ake ciki yau, a kasanshi jadawalin farashi da kwanan watan da aka sabunta shi, sai lokutan budewa, sai kwatancen shago, sai wajen tura aiki, sai wajen duba ko aiki ya fito. Shikenan. Da Hausa da Turanci gefe da gefe, saboda kwastomominmu akwai Yarbawa da Inyamurai da mutanen kudancin Kaduna da Binuwai, akwai kuma iyayenmu na cikin gari da Hausar ce tafi musu dadin karantawa. Mun hana shi nauyi da gangan, balle ma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da karin kashi 50 cikin 100 na kudin kira da data a Janairun 2025 ba wanda zai tsaya jiran hoton shagonka ya gama budewa, in ya dan jima yana juyawa fita zai yi ya kiraka, ka koma gidan jiya.

Lokutan budewa ma akwai abin lura. Kada ka rubuta takwas zuwa tara kawai ka tafi. Rubuta cewa ana rufewa a tafi sallah, rubuta ranar Juma'a daga karfe nawa zuwa nawa ba kowa, da azumi ka canza ka nuna ana tashi kafin shan ruwa a dawo bayan asham, da sallah karama da babba ka fadi ranar dawowa. Kwatance kuma ayi shi yadda muke yi a nan, daura da masallaci kaza, bayan mai shayi, kofa mai launin kaza, don lambar gida da sunan layi ba kowa ya san su ba, ko mai keke ka fada ma sunan layi kallonka zai yi.

Bari in dan tsaya kan yadda aikin dare yake tafiya, don nan ne abin yafi min amfani. Mutum ya bude shafi ya danna wajen tura aiki, fom ne na Google, kyauta ne, sharadin kawai sai yana da Gmail kafin ya iya dora fayil, kuma duk mai wayar Android yana da shi ko bai sani ba. Fom din yana tambayar abubuwan da in ba'a tambaya ba sai an yi rigima: baki da fari ko kala, in gauraye ne wadanne shafuka ne na kala, gaba da baya ko fuska daya, kwafi nawa, bayindin na zobe ko mai tauri, in mai tauri ne wane launin bango sashensu yake karba, karfe nawa yake so ya karba. Wannan na launin bangon kada ku raina shi, kowane fakalti da nashi, ka daure furojet da launin da ba shi ba a dawo maka da shi, asarar bango da aiki da lokaci duk a kanka. Sannan da manyan haruffa mun rubuta a turo PDF, wato fayil din da aka riga aka daidaita shafukanshi basa motsi. Dalili kuwa fayil din Word in ya bar kwamfutar mai shi yakan sauya kama, tebur ya tsallake zuwa wani shafin, lambar shafi ta goce, jadawalin abubuwan ciki ya daina dacewa, kai kuma ka buga yadda ka gani, shi yazo yace ba haka ya turo ba, kuma dukkanku gaskiya kuke fada. PDF yadda ya fita haka yake isowa.

Ina idar da sallar asuba sai in bude waya in ga abin da ya shigo cikin dare a jere, kowanne da lokacin da aka turo shi, babu na riga ka babu ka riga ni. In kirga shafuka, in tura ma kowa kudinshi da lambar aikinshi. Wanda ya biya rabi mu fara nashi. Yarona yana bude shago ya tada inji ya san me zai fara da shi, kafin rana ta daga mun ci rabin aikin da a da sai azahar muke kaiwa gare shi. Mai aiki kuma ba sai ya kira ba, ya shiga shafi ya nemi lambarshi, zai ga an rubuta ana layi, ko ana bugawa, ko ya fito. Lamba muke sawa ba suna ba, saboda ba kowa yake so duniya ta san ya kawo aiki ba. Wannan jadawalin a Google Sheets yake, manhajar Google ta yin jadawali, ni ko yarona mu canza a waya, shafin ya dauko da kanshi bayan 'yan mintoci.

Maganar kudi kuwa, karancin takardun naira na farkon 2023 ya riga ya koya ma kowa taransifa, har mai kosai da mai rake sun bude asusu, saboda haka ba wahala ace ma dalibi ya tura. Inda hatsarin yake shine alat na karya da hoton rasit da aka gyara. Dokar shagona daya ce kuma a rubuce take a shafin: ba hoton rasit muke dubawa ba, ba sakon tes ba, sai kudi ya zauna a cikin asusu mun gani a manhajar banki. Wanda ya tura da gaske wannan bata dame shi ba. Akwai masu hada shafinsu da kamfanonin karbar kudi ta intanet irin su Paystack ko Flutterwave yadda da an biya shafin zai sani da kanshi, yana da kyau, amma suna cire nasu, Paystack kashi 1.5 cikin 100 ne da karin naira 100 in kudin ya kai 2,500, a sana'a irin tawa da ribar shafi daya bata taka kara ta karya ba sai ka yi lissafi tukunna. Mai saida atamfa ko waya ba zai ji wannan a jikinshi ba, ni ina ji.

Toh a cikin shago fa, da rana tsaka, me shafin yake yi tunda ga ni ga kwastoma? Da farko nima na dauka na dare ne kawai. Amma ku dubi shago irin namu a makon da ake mika furojet, dan daki ne da inji biyu da benci daya, mutum goma sun cika shi, fanka tana juya zafi. Mun lika takarda mai lambar QR, zanen nan mai kusurwa hudu da ake nuna ma kamarar waya ya bude shafi, a bango da jikin kanta da bayan kofa, an yi mata laminatin, a kasa an rubuta adireshin shafin da manyan baki saboda wasu wayoyin kamara kadai ta isa ta karanta lambar wasu kuma sai ta manhajar Google Lens, wasu ma sam basa yi. Wanda ya shigo ya tarar da layi, maimakon ya tsaya yana leken kafadar na gabanshi, sai ya daga waya ya duba farashi, yayi lissafinshi, ya tura fayil dinshi yana zaune kan benci, kafin layi yazo kanshi aikin yana cikin kwamfuta. Babbar ribar da na samu a nan itace rabuwa da filas. Duk wanda ya rike kwamfutar shago ya san bala'in filas din dalibai, ya zaga kwamfuta ashirin kafin yazo taka, ka soka shi ka ga fayilolinka sun koma gajerun hanyoyi marasa budewa, ranar sai gyara. Yanzu sai dole muke karbar filas, kuma akwai tsohuwar kwamfuta guda da muka ware mata wannan wahalar.

Abu daya da nake sa yarona yayi kullum da safe shine ya duba takardun QR din da idonshi ya gwada da wayarshi. Ba wuya wani ya lika tashi sitikar a kan taka ta kai mutane wani wajen da lambar asusun da ba naka ba. Shi yasa ma sunan asusunmu yake rubuce da fenti a bango, wanda zai tura ya ga sunan ya dace kafin ya danna.

Ba kowa ne zai yi amfani da shi ba, kuma bai kamata a tilasta ba. Akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta daga cikin gari, da yake kawo takardun fansho da na gado a cikin jakar leda. Yana shigowa yarona na farko, mai rawar kai, ya nuna mishi bango yace Baba ga lamba nan ku sikanin. Dattijon ya dube shi ya dubi bangon yace yaro ni wajen mutane nazo. Na taso na karbi ledar da hannu biyu, nace Baba sannu da zuwa, ya gida ya iyali, ku zauna a kawo ruwa, muka gaisa sosai har ya bani labarin yadda unguwar take kafin a cika ta da shaguna, na buga mishi takardunshi da kaina. Daga baya na ja yaron gefe nace kai, wannan takardar ta bango an yi ta ne don ta rage mana masu tambayar farashi mu samu sukunin tsayawa da irin su Baba, in ka mayar da ita abin korar mutane cire ta zanyi. Haka in lakcara babba ya shigo, ranka ya dade ne da kujera, ba wanda zai ce mishi ya duba waya. Wanda yake sauri yana da hanyar sauri, wanda yazo da gaisuwa a gaisa.

Yanzu ga inda muke sabawa da 'yan uwana 'yan kasuwa, maganar rubuta farashi a fili. Na zauna da mutane a Sabon Gari da Tudun Wada, kusan duk wanda na nuna ma shafin abin da yake fara cewa shine kai baka tsoron makwabcinka ya gani ya rage naira biyar ya kwashe maka mutane? Amsata itace makwabcina ya riga ya san farashina tun kafin in san menene intanet, yaro zai turo da takarda daya ya buga ya koma ya fada mishi, nima na san nashi. Wanda kake boye ma farashi ba abokin gasa bane, kwastoma ne, shi kadai ne a duhu. Kuma kwastoman yanzu in ya ga an rubuta a tuntube mu don jin farashi, abin da yake zuwa ranshi shine za'a duba hotonshi da irin Hausarshi ko Turancinshi a yanka mishi daidai wuyanshi. 'Yan mata dalibai sun sha fada min sun fi son wajen da aka rubuta, saboda basa son ja-in-ja da maza a shago.

Na biyu sai suce ai kaya basa zama wuri daya, yau rim din takarda kaza gobe kaza. Wannan gaskiya ce, tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta bar wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, takarda da tona da kayan gyaran inji duk daga waje suke zuwa, sun yi tashin gwauron zabi, akwai lokacin da in ka sayar da safe baka iya mayarwa da yamma. Amma wannan hujja ce ta a rika sabuntawa, ba ta a boye ba. Shi yasa kwanan wata yake manne da jadawalin, kuma shi yasa nace ma kanina tun farko ban yarda da shafin da sai na kira shi kafin a canza lamba daya ba, dole ya zama ni da wayata zan iya gyarawa ina kan keke. Abin kamar allon gidan mai ne, ba wanda yake taya lita, amma ranar da allo ya fadi wani abu famfo ya fadi wani, ranar za'a tara jama'a. Shafin da yake dauke da farashin wata shida da suka wuce gara babu shi, domin mutum zai hau keke da kudin da ya lissafa yazo ka ce mishi an kara, a idonshi kai makaryaci ne ko da baka yi niyya ba, kuma zai fada a gurup din ajinsu. Ka'idata itace in mutum ya nuna min farashi a shafin kuma ni ne ban sabunta ba, a haka zan mishi, asarar tawa ce.

Na uku, wanda yafi nauyi a wajena, shine ciniki. Mu mutane ne da muka saba a taya, ace albarka, a kara, a sallama, a dan yi gyara a sama, kuma a cikin wannan ake sabo har a zama 'yan uwa. Masu cewa rubutaccen farashi yana kashe wannan basu yi karya gaba daya ba. Sai dai ni abin da na gani shine cinikin bai mutu ba, ya koma inda ya dace ne. Ba wanda yake tsayawa taya fotokofin shafi uku yanzu, kuma dama bata lokaci ne. Amma wakilin aji da ya kawo handawut na mutum dari biyu, ko mai buga katin daurin aure da kalanda, ko makarantar Islamiyya da zata buga takardun jarabawa, wadannan muna zama mu yi ciniki sosai, kuma a shafin ma an rubuta aiki mai yawa akwai rangwame a zo a yi magana. Bambancin shine yanzu daga sanannen wuri muke farawa, ba daga sama ta bakwai ba.

Layin nan na sama da nace yana fadin halin da ake ciki, ranar da na san darajarshi itace lokacin duhun Oktoban 2024, da layukan wutar da suke kawo ma Arewa suka lalace jihohi da yawa suka kwana da kwanaki ba wuta. Janareta ba zai yiwu ya yini yana ci ba da tsadar mai, sai muka rika rubutawa a sama cewa yau inji zai tashi daga karfe kaza zuwa kaza, a turo aiki kafin lokacin, na kala sai ya taru. Mutane suka rika turowa su zo daidai lokacin, muka rika tada janareta a kan aiki a jere maimakon a tada shi saboda shafi biyu. Har masu neman cajin waya suka gane lokacin suka rika zuwa da caja, wannan kuma ba'a hana ba.

Nasan wani zai ce duk wannan ai WhatsApp ma yana yi. Yana yin da yawa, kuma wanda bai da halin shafi ya fara da WhatsApp Business yau din nan, kyauta ne, tun 2018 yake, yana da katalog da zai dauki kaya har 500 da hoto da farashi, yana da sakon da yake amsawa da kanshi in an rufe shago, nima ina amfani da shi kuma abin da sakon nawa yake cewa shine mun tashi, ga shafinmu a duba farashi a tura aiki. Matsalata da dogaro da shi kadai itace aiki yana nutsewa a cikin hira, tsakanin barka da Juma'a da sakon murya na minti hudu da gurup din 'yan uwa, ka nemi fayil din wani ka rasa. Sannan gidan aro ne. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun dauke gaba daya na kusan awa shida, kuma kowa ya san wani da aka kwace ma WhatsApp ta hanyar yaudararshi ya bada lambobin nan shida da ake turowa, aka shiga rokon kudi da sunanshi. Ko Google ma a Maris din 2024 ta rufe kananan shafukan kyauta da take bai wa masu kasuwanci ta Business Profile, wadanda suka buga adireshin a katinsu suka koma gyara. Shi yasa na sayi sunan shafi nawa na kaina mai karewa da .com.ng, wanda hukumar NiRA take kula da rajistarsu, ana biya duk shekara kuma bai kai kudin katan din takarda ba. In wani gidan ya rufe sai in dauke sunan in kai wani, takardar bango bata canza ba.

A nan ina jan kunnen duk wanda zai bada aikin hada shafi: sunan shafin a yi rajistarshi da imel dinka da lambar wayarka, ba na wanda ya hada maka ba. Wani makwabcinmu mai kayan waya dalibi ne ya hada mishi, yaron ya gama karatu ya tafi bautar kasa ya canza layi, shekara ta zagayo ba wanda ya sabunta, shafin ya mutu da adireshin da aka buga a leda dubu.

Akwai kuma amana. Abin da mutane suke turowa ba handawut kadai bane, akwai takardar NIN, sakamakon jarabawa, takardun asibiti daga Shika, takardar fili, furojet din da mutum ya shekara yana wahala a kai. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa ma hannu a Yunin 2023, amma ko babu doka ai akwai Allah. Babban fayil din da aiki yake sauka ni kadai da yaro daya muke iya budewa, duk karshen mako muna goge abin da aka riga aka karba, kuma an rubuta haka a shafin. Masu zuwa suce Oga ba wani tsohon furojet na sashenmu a kwamfutarka in dan duba, amsar itace babu, kuma da gaske babun ne tunda an goge. Gogewar ma tana taimakon wajen ajiya, don 15GB din da Google take bayarwa kyauta ba ya jimawa in ana turo aikin zane na 'yan akitekca.

Ba kowace sana'a ce take bukatar wannan ba, mai kayan miya a kasuwar Samaru ba abin da zai yi da shi. Amma tela da ake damunshi da dinkina ya fito kafin sallah, mai gyaran waya a PZ, mai kayan gyaran babur, matan aure masu yin cincin da dambun nama da kek a gida wadanda basa son kiran bakin maza da dare, mai saida iri da maganin feshi da manoman Giwa da Soba suke so su san akwai kaya kafin su shigo gari, duk wadannan tambayoyinsu ukun nan ne dai da kalmomi daban.

Abin da har yanzu ban gama warwarewa ba shine karbar aiki bayan an rufe. Turawa ta samu, biya ya samu, dubawa ta samu, amma takarda dole hannu ya karbe ta. A yanzu dai mun yi yarjejeniya da mai shayin da yake gefenmu wanda yake kaiwa sha biyun dare, wanda ya biya kudinshi duka kuma ya nema a fom, muna sa aikin a ambulan mu rubuta lamba mu bar mishi a cikin kwali a karkashin teburinshi, mai zuwa ya fadi lambar da sunan da ya bayar a karba, ni kuma ina dan sallamar mai shayin duk mako, shima yana samun masu zama su sha shayi da indomi. Takardu masu muhimmanci irin na fili ko na asibiti bana barinsu a can ko an roke ni, kuma da damina sai mun kara leda biyu saboda feshin ruwa. Wani ya bani shawarar in sa a kera akwatin karfe mai kananan kofofi da kwado mai lamba a jikin shago, na tambayi mai walda a Sabon Gari ya fada min kudin, nace mishi bari a ga bayan wannan zangon tukunna.